Neman asparajinaz a ƙasar Yamai: littafin aikina

13 ga Janairu, 2025

Yau Malam ya sa hannu a takardar aikin. Daga nan zuwa faɗuwar damina zan ɗebo ƙasa a wurare huɗu na Yamai, in raini bakteriyar da ke cikinta, in ga ko akwai masu fitar da asparajinaz. Zan riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, domin rabin kuɗin na Yaya ne, ya kamata ta san inda kowace dala ta shiga.

Ga wanda bai san zancen ba. Jiki yana gina furotin da amino asid iri 20. Wasu sai an ci su a abinci, wasu jiki ke haɗa wa kansa, kuma asparajin na cikin waɗanda yake haɗawa. Lafiyayyar ƙwayar halitta tana da anzim, wato furotin mai haɗa sinadarai ko farfasa su, da ke yi mata wannan aiki. Amma ƙwayoyin sankarar jini irin wadda ta fi kama yara, wadda likitocinmu ke taƙaita sunanta da LAL, suna da ƙarancinsa ƙwarai. Gida ne da ba a ɗora tukunya, kullum ana jiran kwano daga maƙwabta, kuma maƙwabcin shi ne jini. In aka yi allurar asparajinaz, wanda shi ma anzim ne, sai ya farfasa asparajin ɗin da ke cikin jini ya koma aspartat da amoniya. Kwano ya daina zuwa. Masu tukunya su ci gaba da girkinsu, ƙwayoyin sankara kuwa ginin furotin ya tsaya musu, su mutu.

Na fara ganin maganin da idona bara, da aka gano cutar a jikin ɗan Yaya mai shekara 6. Ƴar kwalba ce da ba ta kai babban yatsa ba, da ɗan farin gari a gindinta. Ni na rungumo ta a cikin kula da ƙanƙara a bayan kabu-kabu, saboda ba ta son zafi, tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye ta. Tun ranar nake son in san daga ina wannan gari yake fitowa.

17 ga Janairu

Na ba da odar kaya ta hannun wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan labo. Asparajin giram 25, jaka 38. Gulutamin, jaka 30. Farantan Petri na roba 200, jaka 24. Agar (garin da ke daskarar da abincin bakteriya a faranti) da gishirin fosfat da jan fenol akwai su a labo.

Kafin kaya su iso ina karanta tarihin abin. A 1953 wani likita a Amurka, John Kidd, ya lura cewa in aka yi wa ɓeraye masu sankarar limfoma allurar ruwan jinin ɓeran Masar, ƙarin yana narkewa. Ruwan jinin zomo ko na doki bai yi haka ba. Sai a 1961 John Broome ya nuna cewa asparajinaz ne sirrin. Ɓerayen Masar nawa za a yanka kafin a yi wa yaro ɗaya magani? Mafita ta zo a 1964, da aka gano bakteriyar E. coli tana fitar da irin anzim ɗin kuma yana aiki a kan ƙari. A 1978 Amurka ta amince da shi a matsayin magani. Yau yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

21 ga Janairu

Ɗibar ƙasa. Na fita da sassafe, sanyi na shiga ƙashi, kogi ya cika fal. Na fara da fadamar shinkafa ta Saga, na dawo lambunan Gamkalle, na haye Gadar Kennedy zuwa bakin ruwa ta wajen Harobanda, na ƙare da kwarin Gunti Yena. Ko'ina ina share saman ƙasa in haƙa kamar tsawon yatsa, in ɗiba da cokalin da na goge da alkol.

A Gamkalle wani dattijo mai lambun salati ya tsaya da butar ban ruwa a hannu yana kallona.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa ƴata. Ƙasa kike sa wa a leda? Ko ta gini ce?"

Na ce masa ƙananan halittu nake nema a ciki, masu yin wani abu da ake maganin ciwon jini da shi. Ya yi shiru, sannan ya ce in biyo shi. Ya kai ni gindin wani mangwaro inda yake tara taki da ruɓaɓɓen ganye shekara da shekaru, ya tona da kansa. Ƙasar baƙa ce wuluk, tana ƙamshin ruwan farko. Wannan ƙamshi aikin Streptomyces ne, dangin bakteriyar da aka samo magungunan kashe ƙwayoyin cuta da dama daga gare su. Ya ce, "In akwai mai rai a ƙasar nan, to nan yake kwana." Na ba shi na goro ya ƙi karɓa.

Kuɗin mota da leda: jaka 3 da rabi.

28 ga Janairu

Na tsarma ƙasar da ruwan gishiri mataki-mataki, na shafa a faranti 24, na sa a akwatin ɗumi.

31 ga Janairu

Asara. Faranti 17 funfuna ta rufe su, kore da baƙa, har da guda biyun da ban shafa wa komai ba, waɗanda na ajiye don shaida. Wannan ya nuna ba daga ƙasar ta fito ba, daga iska ce. Hazo ya sauko kwana uku ke nan, tagar labo ɗaya gilashinta ya tsage, in ka shafa tebur da yatsa sai ka ga layi. Ba mu da akwatin aiki mai tace iska, kusa da harshen wutar gas muke komai, kuma ranar ina buɗe farantai fanka na juyawa a sama. Ban lura ba sai da mai kula da labo ya tuna mini.

Mun toshe tagar da kwali da salatif. Daga yau aikin shuka da asuba ne, kafin mutane su fara shige da fice, fanka a kashe, a goge ko'ina da ruwan jabel, a jira ƙura ta kwanta. Faranti 24 da mako ɗaya sun tafi.

10 ga Fabrairu

Zagaye na biyu ya yi kyau. Na ware iri 46, kowanne a farantinsa. Na Gamkalle sun fi yawa.

14 ga Fabrairu

Kaya sun iso. Na haɗa abincin gwaji: a lita ɗaya, asparajin giram 5, gulukos giram 2, gishirin fosfat, agar, da ɗigon jan fenol. Asparajin ne kaɗai tushen nitrojin a ciki. Launin farantin ruwan ɗorawa ne. In ƙwaya ta fitar da asparajinaz, amoniya za ta taru kewaye da ita, tsamin wurin ya ragu, launi ya juye ruwan hoda. Kowace ƙwaya tana da faranti na biyu da babu asparajin a ciki, don a kama masu juya launi ta wata hanya.

17 ga Fabrairu

Da na buɗe akwatin ɗumi yau da safe sai da na zauna. Zobe ruwan hoda a kan ɗorawa, wani kamar bakin kofin shayi. Iri 11 suka ba da launi. Huɗu sun ba da shi har a farantin da babu asparajin, na cire su. Saura 7. Mafi faɗin zobe na gindin mangwaron nan ne, na sa masa G7.

Na ruga na nuna wa Malam. Ya ɗaga farantin ga hasken taga ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Madalla. Asparajin nawa kika zuba a nan, nawa ne a jinin yaro? Je ki lissafa ki dawo."

19 ga Fabrairu

Na lissafa, kuma jikina ya yi sanyi. Giram 5 a lita ya haura milimol 30. A jinin mutum asparajin wajen maikromol 50 ne a lita. Abin da ke farantina ya ninka na jini sau ɗaruruwa. Ɗibar hatsi a tsibi daban, tsintar ƙwaya a cikin rairayi daban. Anzim ɗin da zai zama magani sai wanda zai iya tsince ɗan abin da ke cikin jini har ya ƙare tas.

E. coli kanta asparajinaz biyu gare ta. Na farko yana cikin ƙwayar, ba ya kama asparajin sosai sai ya yi yawa, don haka ba shi da amfani a kan sankara. Na biyu, wanda ke tsakanin fatun ƙwayar biyu, yana aiki ko da asparajin ya sauka zuwa ƴan maikromol, shi ne maganin da ke cikin kwalba. A farantina duka biyun za su iya ba da ruwan hoda. Na ga rubuce-rubuce da yawa da suka tsaya a faɗin zobe suka ce sun samo maganin kansa, kuma a ganina wannan ɗora wa faranti kayan da ba zai iya ɗauka ba ne. Zobe yana cewa a ci gaba da bincike, iyakarsa ke nan.

26 ga Fabrairu

Gwajin gulutamin ya lalace tun kafin a fara. Na haɗa abinci kamar na baya, na sa gulutamin a madadin asparajin, na dafa shi a tukunyar matsi a digiri 121 minti 15. Da na zuba a farantai, duka sun fito jajaye, ba a shuka komai ba. Gulutamin ba ya jure zafi, yana rushewa ya saki amoniya da kansa. Kamata ya yi in narkar da shi daban, in tace da matata mai ramin maikromita 0.22, in zuba bayan agar ya huce. Giram 5 na gulutamin da faranti 20 sun salwanta. Matata 10, jaka 12.

Dalilin wannan gwaji: asparajinaz ɗin asibiti ba asparajin kaɗai yake ci ba, yana taɓa gulutamin ma. Gulutamin kuwa shi ne amino asid mafi yawa a jini, hanta da hanji da ƙwayoyin garkuwar jiki duk suna buƙatarsa. Masana da dama suna danganta wani kaso na illar maganin da wannan, wasu kuma sun nuna ɗan cin gulutamin ɗin yana taimakawa wajen kashe wasu ƙwayoyin sankara. Illolin dai sanannu ne: wahalar hanta, kumburin pankiriyas, daskarewar jini a jijiya, da borin jini. Ina son in san halin nawa bakwai ɗin.

6 ga Maris

Azumi ya kama. Daga sahur nake wucewa labo, in tashi kafin azahar. Cikin bakwai, uku ba su ba da zobe a gulutamin ba: G7, G12 da S3.

11 ga Maris

Jiya bayan buɗa baki Inna ta kira ni ɗakinta, Yaya na zaune ta haɗa kai da gwiwa. Wata maƙwabciya ta turo musu saƙon murya a WhatsApp, wai an gano kansa da nama da wake da ƙwai take rayuwa, in an hana mara lafiya su sai ta mutu da yunwa. Kwana biyu ke nan kunun gero kawai suke ba yaron.

Inna ta ce, "Ke ma ai abin da kika ce kina yi ke nan, hana ta abinci."

Gabana ya faɗi, domin bakina ne ya ba saƙon ƙarfi. Na ce, "Inna, ki gafarce ni, ban yi bayani da kyau ba." Na ce mata asparajin ɗin da ke jini ba daga kwano kaɗai yake zuwa ba, jikin yaron da kansa ke haɗa shi dare da rana. Ko an hana shi nama shekara guda, jininsa ba zai rasa asparajin ba. Allura ce kaɗai ke iya share shi da sauri fiye da yadda jiki ke mayarwa, kuma na ƴan kwanaki, a ƙarƙashin idon likita. Hana shi abinci kuwa naman jikinsa zai cinye, garkuwarsa ta faɗi, ya kasa ɗaukar maganin da ke gabansa. Yaron da tamowa ta kama ya fi shan wahalar wannan jinya.

Na san wani tushe na irin wannan magana. A 2018 an buga wani bincike da aka yi a kan ɓeraye, inda rage asparajin ya rage yaɗuwar kansar nono zuwa wasu sassan jiki. Jaridu suka ɗauka suna cewa a guji wani ganyen Turawa mai suna asparagus, wanda daga ruwansa aka fara ware asparajin a Faransa a 1806. Binciken ɓeraye ne, ba umarnin girki ba.

Inna ba ta ce komai ba. Ta tashi ta fasa ƙwai biyu. Yau Yaya ta gaya wa likitansa, shi ma ya ja musu kunne.

18 ga Maris

Na fara rainon ukun a ruwa. Babu abin rubutawa.

24 ga Maris

An koma yi wa yaron asparajinaz bayan hutun watanni, a allura ta biyu jikinsa ya ƙi. Fuska ta kumbura, borin jini ya fito masa ko'ina, numfashi ya yi nauyi. Alhamdu lillahi a asibiti abin ya faru, aka shawo kansa nan take. Furotin ne na bakteriya, jiki yana gane shi baƙo ne, kuma an fi ganin haka idan an dawo da shi bayan an dakata. A ƙasashen da ke da hali sai a koma ga wanda ake samu daga wata bakteriyar, Erwinia, domin garkuwar da ta tashi a kan na E. coli yawanci ba ta gane shi. Akwai kuma wanda aka lulluɓe da sinadarin PEG tun 1994, mai daɗewa a jini, allura ɗaya ta tsaya a madadin da yawa. Yaya ta tambayi kuɗin na Erwinia, ta yi shiru. Likitoci za su zauna su yanke yadda za a ci gaba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai 30 ba. Na san wannan adadi tun a aji. Daren jiya a bakin gadonsa na sake tuna shi.

3 ga Afrilu

An sha salla lafiya, zafi ya sauko. Labo digiri 41 da azahar. S3 ba ta damu ba, amma G7 da G12 dangin Streptomyces ne, kusan digiri 30 suke so, akwatin ɗuminmu kuma ɗumamawa kawai ya iya, ba ya sanyayawa. Agar ya fara tsagewa kamar fadama a rani.

Mai kula da labo ya kawo dabara. Na sayo randa babba da ƙarama a kasuwar Katako, jaka 4 da rabi. Muka sa ƙaramar a cikin babbar, muka cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, farantai a gwangwani mai murfi a ciki, jiƙaƙƙen buhu a sama. Ma'aunin zafi yana tsayawa tsakanin 30 da 32. Sau uku a rana ake jiƙa yashin.

9 ga Afrilu

An ɗauke wuta tun daren Litinin, injin wuta babu mai, firigo ya huce. Ruwan anzim na iri uku da na tara cikin mako biyu ya kwana a zafi. Na gwada shi, ƙarfinsa ya faɗi warwas. Daga yau ina ajiye rabi a gida cikin kula, ina sayen ƙanƙara ta dala 40 safe da yamma.

16 ga Afrilu

Awo da ruwan Nessler. Ana haɗa anzim da asparajin a digiri 37 minti 30, a tsayar da aikin da asid, a ɗiga Nessler, amoniya ta ba da launin ruwan goro, na'ura ta auna kaurinsa. Akwai sinadarin mercure mai guba a cikinsa, don haka safar hannu biyu, kuma ragowar tana da kwalbarta daban, ba a zubawa a rariya.

Gwajin farko duk kwalaben sun yi duhu, har wadda babu asparajin a ciki. Na tattara anzim ɗin ne da gishirin amoniyam sulfat, ban wanke shi sosai ba, amoniyar gishirin nake aunawa. Na mayar da shi jakar tacewa cikin ruwan sanyi, na canja ruwa sau huɗu, sai da ruwan waje ya daina ba da launi. A karo na biyu S3, mai ƙaramin zobe, ta fi G7 ƙarfi kusan ninki biyu.

22 ga Afrilu

Na gabatar da babin nazari gaban Malam da ƴan ajinmu. Tambayar da na ɗora shi a kai: me ya sa dabarar da ta yi nasara a sankarar jinin yara ta ƙi maimaituwa da sauƙi a sauran kansa?

Tun 1955 Harry Eagle ya nuna ƙwayoyin da ake raino a kwalba suna shan gulutamin fiye da kowane amino asid. An yi maganin da ke toshe anzim ɗin da ke buɗe musu ƙofar amfani da shi, telaglenastat, amma a 2021 gwajinsa a kansar ƙoda bai nuna ƙarin amfani ba. A 2018 epacadostat, mai hana ƙari farfasa amino asid ɗin tiriptofan don ya kashe kaifin garkuwar jiki, ya faɗi a babban gwaji kan melanoma, wata kansar fata. Arjinin, wani amino asid ɗin, ya fi kama da labarin asparajin, domin wasu kansar hanta da melanoma da ta fatar huhu ba sa iya haɗa shi. Anzim mai share shi daga jini bai tsawaita rai a kansar hanta ba, a ta fatar huhu kuma ya ƙara makonni kaɗan.

Abin da na fahimta shi ne ƙari yana da hanyoyi da yawa zuwa kasuwa. Ka tare gulutamin, ya ƙara jan gulukos ko mai. Wasu ƙwayoyin kansar pankiriyas suna haɗiye furotin ɗin da ke kewaye da su ɗungurungum, su narkar da shi su ciro amino asid. Ko a LAL ɗin, ƙwayar da ta tsira tana iya farfaɗo da anzim ɗin haɗa asparajin, kuma ƙwayoyin ɓargo da ke kewaye da ita suna iya miƙa mata. Shi ya sa ba a ba da asparajinaz shi kaɗai, tare yake tafiya da vinkiristin da kortikoyid da sauransu. Kafin a hana ƙwaya wani abu, sai an tabbatar ba ta iya yinsa, kuma lafiyayyun suna iyawa.

Malam ya ce in rage tarihi, in ƙara zanen hanyoyin.

29 ga Afrilu

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau: wajen jaka 120.

An sallami yaron, likitoci sun sake masa tsarin magani ba tare da allurar ba. Ya fara cin tuwo da miyar kuka, jiya har ya nemi ƙari.

Abin da ke gaba. Zan auna S3 da G7 da asparajin mai raguwa mataki-mataki, in ga inda ƙarfinsu ke karyewa. Nessler ba zai gani da kyau ba in an sauka kusa da adadin jini, don haka Malam zai rubuta wa wani abokin aikinsa a waje, ko za a samu hanyar awo mafi kaifi. Sai aika iri biyun a karanta ƙwayar gadonsu ta 16S don a san sunansu na gaskiya, an ce mini kowanne zai kai jaka 25 ban da kuɗin aikawa. Na zuba kowace a giliserin kwalba uku, biyu a labo, ɗaya a firizar wata ƙawata da ke da sola. Ranar Asabar zan koma Gamkalle in ƙaro ƙasa daga gindin mangwaron kafin ruwa ya sauka, in kai wa Baba hoton farantin a waya.